Kalmar "Slip" da Ma'anoninta

Kowace shekara idan muna duba takardun jarrabawar Turanci, akwai wata 'yar kalma mai haruffa huɗu da ke kayar da ɗalibanmu. Kalmar ita ce "slip". Yawancinsu ma'ana ɗaya suka sani, alhali kuwa tana da ma'anoni da dama. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan tsaya a kanta.

Ma'anarta ta farko ita ce zamewa. Duk wanda ya taɓa bin lungunan Minanata a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ko ya shiga fadamar gulbin Rima, ya san yadda santsin laka ke kwashe ƙafa. Da Turanci sai a ce "he slipped", kuma ku lura ana ninka harafin p. Daga nan aka sami "slipper", takalmin da ake zura ƙafa ciki ba ɗauri, wanda muka ara muka mai da shi silifa.

Ta biyu ita ce sulalewa. Ɗalibin da ya fice daga aji ba a gan shi ba, ya yi "slip out". Idan ɓarawo ya zille wa masu binsa, sai a ce "he gave them the slip". Idan kuwa mutum ya sha'afa da saƙo, sai ya ce "it slipped my mind".

Ta uku ita ce ƙaramin kuskure. "A slip of the tongue" shi ne suɓul da baka. A 1901 wani likita ɗan Austiriya mai suna Sigmund Freud ya rubuta cewa irin wannan suɓutar baki takan tona abin da ke ɓoye a zuci, saboda haka ake kiranta "Freudian slip".

Ta huɗu sunan tufa ne. Shimin da mata ke sawa a ƙarƙashin riga "slip" ce, rigar matashi kuma "pillowslip".

Akwai kuma waɗanda ba su da dangantaka da zamewa. 'Yar takardar albashi ita ce "pay slip", ta sakamakon jarrabawa kuma "result slip". Masana harshe sun ce wannan ta fito ne daga wata tsohuwar kalma mai nufin yanki. Yaɗon dankali da ake yanka a dasa shi ma sunansa ke nan. Haka kuma ruwan yumɓu da magina ke shafa wa tukunya, ko da yake shi tushensa daban ne.

Sai batun lafazi. Da yawa daga cikinmu "silif" muke cewa, ko "slip" muke nufi ko "sleep". Bai kamata wannan ya gagari Bahaushe ba, domin tsawon wasali ne ke raba garin da muke zaune ciki da garin tuwo. Wasalin "slip" gajere ne, na "sleep" dogo.

Ya ku ɗalibai, a jarrabawar WAEC akan ce ku kawo wata kalma a maimakon wadda aka yi amfani da ita cikin labari. Wanda ya rubuta ma'anar da ya haddace ba tare da ya duba jimlar ba, ya yi asarar maki. Ku karanta abin da ya gabata da abin da ya biyo baya tukuna.

A ƙarshe, fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, ta yi amfani da wannan kalma a Zabura 73, inda Asaf ya faɗi yadda ya kusa zamewa don ya yi ƙyashin arzikin mugaye. Gwaji irin wannan yana jiran duk wanda zai bar makaranta bana. Ubangiji ya riƙe ƙafafunmu, amin.