Soja ya tashi, guba ta zauna a rijiya

A 1991 aka rufe sansanin sojan sama na Pease a jihar New Hampshire ta Amurka. Jiragen yaƙi suka watse, filin ya koma unguwar kasuwanci, ga ofisoshi, ga kamfanoni, har da gidajen renon yara. Rijiyoyin da soja suka bari kuwa aka ci gaba da shan ruwansu hankali kwance.

Sai a 2014 aka auna ruwan wata rijiya da ake kira Haven, aka tarar sinadarin PFOS da ke ciki ya ninka haddin da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sa a lokacin har fiye da sau 12. Nan take aka rufe ta. Amma fa an riga an yi shekaru ana dama wa jarirai madara da shi.

Daga kumfar kashe gobara abin ya fito. In za a yi atisaye, sai a tuttula man jirgi a rami, a cinna wuta, a feshe ta da kumfa, kowa ya kama gabansa. Ƙasa ta shanye, ruwan sama ya tura sauran can ƙasa inda rijiya ke samun ruwa. Wannan sinadari ba ya ruɓewa, ba ya wari, ba ya sauya launin ruwa. Tafasawar da iyayenmu suka dogara da ita ba ta yi masa komai. In ya shiga jini sai ya yi shekara da shekaru, kuma masana sun danganta danginsa da kansar ƙoda da raunana amfanin rigakafi a jikin yara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, tun 1990 Pease na cikin jerin wuraren da gwamnati ta san sun gurɓace. An yi ta kwashe mai da sauran dagwalo, amma ba wanda ya nemi wannan sinadari, gwaji kuwa abin da aka tambaye shi kaɗai yake faɗa. Iyaye mata ne suka tsaya kai da fata har aka ɗebi jinin mutum sama da 1,500, aka ga sinadarin da ke jininsu ya zarce na sauran Amurkawa.

A 2021 aka buɗe matatar da ke tace ruwan da gawayi na musamman. A 2024 hukumar kare muhalli ta yanke sabon haddi, kashi 4 cikin tiriliyan. Ruwan Haven kuwa kashi 2,500 ya nuna a 2014.