Tukunyar Ƙaura Da Hanyar Shinkafi

Ƙauran Namoda ba garin 'yan yawon buɗe ido ba ne, baƙinmu fatake ne. Tun 1929 da layin dogo ya tuƙe nan, garin ya saba ciyar da baƙo. A gidan abincinmu Inna ke tuƙa tuwo, ƙanena ke karɓar kuɗi, ni kuwa littafin bashi aka bar mini. A da, ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, tiya goma ba ta kai mu la'asar. Da aka rufe kasuwannin mako a 2021, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ne suka riƙe mu, su da ba sa wuce shinkafa da wake. Yanzu kafin Inna ta auna hatsi, sai ta tambayi direbobin Zurmi yadda hanya ta kwana.