Silinda ko Na'ura: Oksijin Tsakanin Gadon Asibiti da Wutar Mai Gilashi

Wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku zai wuce ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A kan hanyar, da cikin lungunan Tarauni, zai yi ta wuce rumfunan masu walda, da masu gyaran firji, da masu liƙin lagireto. A asibitin da rumfunan duk za ka tarar da doguwar silindar ƙarfe cike da iskar oksijin. A can jariri ake ceto da ita, a nan wuta ake hurawa. Tambayar da ta shafi mai son sarrafa gilashi da harshen wuta, ko mai gyaran kwalaben ɗakin gwaje-gwaje ne ko matashin da yake son koyon yin duwatsun ado, ita ce: silinda zai saya, ko na'urar nan mai tace oksijin daga iska da ake gani a gefen gadon majinyaci? Bayan wannan kuma akwai fargabar da ba kowa yake faɗa ba, wato ko sana'ar za ta ci masa huhu da ido.

Narka gilashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masaga na Bida sun daɗe suna narkar da kwalabe a murhun yumɓu da itace da zuga-zugi, suna fitar da ƙarau da duwatsun wuya, kuma suna cikin masu sana'ar hannun da suka ɗaga sunan garin har UNESCO ta sanya shi cikin biranen fasahar hannu a 2021. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashe guda na fasahar gilashi. Sai dai murhun Masaga da bakin wuta na zamani ba aiki ɗaya suke yi ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kashi 78 nitirojin ne da ba ya taimakon wuta, sai ma kwashe mata zafi. Gas ɗin girki idan ya ci da iskar gari, zafin harshensa bai kai digiri 2,000 ba. Idan aka haɗa shi da oksijin zalla yana kusantar 2,800. Gilashin kwalba da na duwatsun ado mai laushi ne, yana sarrafuwa a wajen digiri 1,000. Gilashin ɗakin gwaji, irin na Pyrex da ya fito kasuwa a 1915, sai ya haura 1,200 kafin ya saki jiki, kuma sai an kai masa zafin da sauri a wuri ɗaya. Shi ya sa ake neman oksijin. Gas ɗin kabaid na masu walda kuwa bai dace da wannan aiki ba, yana baƙanta gilashi da kunkunniya.

Silinda ita ce abin da kowa ya sani. Babbar, mai tsawon mutum, tana ɗaukar kimanin lita 6,800 na oksijin da aka danne a ciki, kuma matsin da ke cikinta ya ninka na iskar tayar mota kusan sau saba'in. Tsarkin iskarta ya haura kashi 99, ba ta buƙatar lantarki, kuma tana iya ciyar da babban bakin wuta. Amma mai aiki da lita 10 a minti zai ƙarar da ita cikin awa goma sha ɗaya ko sha biyu, wato aikin kwana biyu. Daga nan sai neman A Daidaita Sahu, sai kuɗin cikawa, sai ɗauka da saukewa. A nan ne raina yake ɓaci, domin sau da yawa za ka ga an kwantar da silinda a keke tana birgima, kanta ba murfi. Idan kan nan ya karye, ƙarfe mai nauyin kilo sittin zai tashi da ƙarfin da zai huda bangon bulo. Ka'idarta a bayyane take: a tsaye, a ɗaure da sarƙa jikin bango, a inuwa, da murfinta duk lokacin da za a matsar da ita, kuma nesa da tukunyar gas ta ajiya.

Akwai wani abu game da oksijin da ya kamata kowane maigida ya koya wa yaronsa tun ranar farko. Ita ba ta kamawa da wuta, amma duk abin da yake ci a iskar gari, a cikinta yana ci da saurin da mutum ba zai iya gudu ba. Masana kare lafiyar ma'aikata suna ɗaukar ɗakin da oksijin ya haura kashi 23.5 a matsayin wuri mai haɗari, tazarar kuwa ba ta kai kashi uku ba daga abin da muka saba. Baƙin mai ko giris idan ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya kamawa ba tare da ashana ba. Don haka ba a shafa wa regileta mai don ta yi saukin ɗauri, ba a taɓa kan silinda da hannun da ya fito daga inji, kuma a hankali ake buɗe ta, domin iskar da ta banko da ƙarfi tana zafafa cikin regileta nan take. Mafi muni shi ne ɗabi'ar kaɗe ƙurar riga da oksijin, ko hura wa jiki don shan iska a zafin Afrilu. Yadi yana riƙe iskar na ɗan lokaci, tartsatsi ɗaya ya isa. A ranar 24 ga Afrilun 2021, silindar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, wuta ta kashe aƙalla mutum 82. Wannan a asibiti ke nan, inda babu mai kunna wuta da gangan. A shagon mai gilashi kuwa wutar tana ci daga safe zuwa yamma, shi ya sa tiyo biyun, na gas da na oksijin, kowanne yake buƙatar makarin da ke hana wuta komawa baya.

Ita na'urar tace oksijin, wadda ma'aikatan jinya ke kira konsantireta, ba ta ajiye komai. Tana zuƙar iskar ɗaki, ta tura ta cikin wasu gwangwanaye biyu masu cike da tsakuwar ziyolait, tsakuwar ta riƙe nitirojin, oksijin ya wuce. Yayin da gwangwani ɗaya ke tacewa, ɗayan yana amayar da nitirojin ɗin da ya tara, suna karɓa-karɓa duk bayan 'yan daƙiƙu. Wannan ne hucin da ake ji tana yi. Abin da take bayarwa tsakanin kashi 90 ne zuwa 96, lita 5 ko 10 a minti, da matsi ɗan kaɗan. A Amurka da Turai masu yin duwatsun ado a gida sun daɗe suna sayen tsofaffin na'urorin da aka sabunta, kuma mai lita 5 tana riƙe ƙaramin bakin wuta na gilashi mai laushi. Gilashin gwaji mai kauri yana son mai lita 10, ko a haɗa biyu. Mai walda kada ya ruɗu: ba ta yanka ƙarfe, domin yanka yana buƙatar matsi da tsarkin da ba za ta iya kaiwa ba.

Littafin da ke zuwa da na'urar ba don Kano aka rubuta shi ba. Mai lita 5 tana cin wat 300 zuwa 400, mai lita 10 wajen 600, ba tsayawa. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, oksijin ya yanke, gas ya ci gaba da fita, harshen wuta ya zama dogo, rawaya, mai hayaƙi, aikin hannunka ya lalace. Ke nan sai da sola mai ƙarfi ko janareto, janareton kuma a waje, nesa da taga, don kada na'urar ta zuƙi hayaƙinsa. Ƙurar hunturu tana toshe matatarta, sai an riƙa wankewa a kai a kai. Danshin damina yana kashe ziyolait a hankali. Zafin bazara da ke haura digiri 40 ya wuce abin da aka ƙera yawancinsu su jure, a shagon kwano kuwa abin ya fi haka. Duk da waɗannan, ga mai ƙaramin aiki a cikin unguwa, inda shago ke jingine da gidan mutane kuma yara ke wucewa ta ƙofa, ni na fi natsuwa da na'ura. Idan ta lalace, tsayawa take yi. Mai babban aiki da ba makawa sai silinda, ya nemi fili a wajen gidajen kwana. Hukumar birnin Benis ta Italiya ta kwashe masu gilashinta zuwa tsibirin Murano tun a 1291, kuma tsoron gobara na cikin dalilanta.

Amma duk wanda ya zaɓa cikin biyun, bai taɓa batun huhunsa ba tukuna. Cutar ba daga oksijin take zuwa ba, daga wutar ne. Harshe mai zafin digiri dubu biyu da ɗoriya yana tilasta wa nitirojin da oksijin na iskar ɗaki su haɗu, su haifar da wata iska mai guba ga huhu. Tana sa ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, kuma illarta mai tsanani takan jinkirta: mutum ya tashi daga aiki lafiya lau, tsakar dare numfashi ya gagara saboda ruwa ya taru a huhu. Idan gas bai ƙone sosai ba kuma, sai ya fitar da iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareto ko gawayi a ɗaki, wadda alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri. Mai asma ko wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi kowa zama cikin haɗari, kuma ya kamata ya ga likita kafin ya fara. Wasu suna tsoron na'urar za ta shanye iskar ɗaki. Lissafin ba wuya: ɗaki mai mita uku ta kowace fuska yana da kimanin lita 5,700 na oksijin, mai lita 5 kuma tana miƙa wa wuta lita 300 a awa. A rufaffen ɗaki awa guda ta isa ta sauko da oksijin ɗin ƙasa da kashi 20, amma kafin wannan ya dame ka hayaƙin ya riga ya yi ɓarna. Maganin duka ɗaya ne: fanka mai zuƙar iska a gaban wutar, tana fitar da ita waje, da taga ko ƙofa a bayanka inda sabuwar iska ke shigowa. Fankar sama juya hayaƙin kawai take yi, takunkumin yadi kuma ƙura yake tarewa, ba iska mai guba ba. Wanda kuɗinsa bai kai na fankar nan ba, kuɗinsa bai kai na fara sana'ar ba.

Ido ma yana da nasa rabon. Gilashi idan ya shiga wuta yana fitar da haske rawaya mai kashe ido, daga sinadarin sodiyam da ke cikinsa, kuma tabaran didimiyam ne ke tace shi. Zafin da ido ba ya gani shi ne ke jawo yanar ido bayan shekaru, cutar da likitoci suka daɗe da sani a wurin masu hura gilashi. Mai aiki da gilashin gwaji yana buƙatar tabarau mai ƙarin duhu. Baƙin tabaran kasuwa ba kariya ba ne. Launin gilashi kuma daga ƙarafa ake samunsa: wasu ja da rawaya da kadimiyam ake yi, wasu gilasai da hodar ado akwai dalma a ciki. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, bayan an riƙa daka duwatsun zinare a cikin gida, bai kamata a sake yi mana bayani ba. Ba a daka gilashi a tsakar gida, ba a cin abinci a kan teburin aiki, kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake share wurin, ba da tsintsiya ba.

Saura batun da ya sa maƙwabtakar asibiti da rumfa take da muhimmanci. A 2018 namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lissafin UNICEF, kuma oksijin na cikin abubuwan da ke ceton irin waɗannan yara. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman kan wadata asibitoci da shi. Na'urar da har yanzu take iya riƙe majinyaci, wurinta gefen gado. Mai sana'a ya nemi wadda aka sallama aka sabunta, ya san daga ina ta fito, ya sa a gwada tsarkin iskarta da ma'auni a gabansa, ya canja matata da tiyo. Idan wani ya kawo masa ita a ɓoye da araha, da lambar asibiti a jikinta, ya ƙi saye.

Hanyar dawowa, wato daga rumfa zuwa gadon majinyaci, ta fi tayar mini da hankali. Dare ya yi, tsoho ya kasa numfashi, wani ya ce, "Ai maƙwabcinmu mai walda yana da silinda." Niyyar alheri ce, amma silindar sana'a ba a tsabtace ta ko bin diddiginta yadda ake yi wa ta asibiti, wani gas yana iya komawa cikinta ta tiyo, kuma regiletar walda ba ta auna 'yan litocin da majinyaci ke buƙata. Fenti ma ba shaida ba ne, domin silindar asibiti a Turai farin kafaɗa gare ta, a Amurka koriya ce, kasuwarmu kuma tana da kowace iri, har da waɗanda aka sake wa fenti. Rubutun da ke jikinta da kamfanin da ya cika ta su ne abin dubawa. Haka na'urar da ta shekara tana shaƙar hayaƙin shago tana iya hura iska da ƙarfi alhali tsarkinta ya faɗi ƙasa da kashi 82, iyakar da ake sa wa na'urorin asibiti su yi ƙarar gargaɗi. Oksijin magani ne da ake bayarwa da awo, kuma ga wasu masu daɗaɗɗen ciwon huhu yawansa yana danne numfashi. Daga ko'ina a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, sashen gaggawa na asibitin Malam bai fi tafiyar 'yan mintoci ba; a ɗauki majinyacin a kai shi can.