Ko Kun Sani?

Filin sukuwar dawaki ne filin jirgin sama na farko a Kano! A watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan saman Ingila guda 3, samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka inda dawaki ke tsere, domin nan ne ake da shimfiɗaɗɗen fili mai tsawo. Fikafikansu hawa biyu ne, na katako da aka lulluɓe da yadi. Har yau akwai ɗan'uwansu a gidan tarihin sojan sama da ke Landan. Jamusawa suka kama shi a 1918, gangar jikinsa ta yi shekaru a Foland, sai 1977 aka maido ta gida, masu gyara suka ƙera masa sababbin fikafikai.