Intanet daga tauraro: yadda ake zaɓen akwatin wifi, da yadda ake kafa shi a gida



Tun watan Maris na shekarar 2025 kamfanin Starlink ya fara aiki a ƙasarmu Nijar, bayan yarjejeniyar da anka sa wa hannu da gwamnati a shekarar 2024. Garin da rezo bai kai ba, yanzu yana iya samun intanet daga sama. Ƙungiyoyin manoma da yawa na shawarar haɗa kuɗi bayan kaka su sayi kayan. Suna son su riƙa ganin farashin gero da wake da albasa, su ji labarin ruwan sama, su aika hoton tsutsar da ta faɗa wa gona, su yi magana da ƴaƴansu da ke ci-rani.

Shawara ce mai kyau, amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Buhunan wake ne za su tafi. Wanda ya saya bai yi lissafi ba, bayan wata biyu kayan na ajiye cikin ɗaki, ƙura ta rufe su. Don haka ku karanta wannan bayani a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba.

Kaya biyu ne, kowane da aikinsa

Na farko shi ne faranti. Shi ake kafawa waje, yana kallon sama. Taurarin Starlink na yawo a nisan kilomita kamar 550, wato bai kai tafiyar Yamai zuwa Maraɗi a mota ba. Kamfanin SpaceX na Amurka ya harba 60 na farko a watan Mayu na 2019, yau dubbai ne. Ba su tsayawa wuri ɗaya. Wannan na wucewa, wani na shigowa, farantin na bin su da kansa. Taurarin talabijin kuwa suna can nisan kilomita wajen 36.000, shi ya sa ake saita parabol sau ɗaya a ɗaure.

Na biyu shi ne akwatin wifi, wanda ƴan kasuwa ke ce wa ruter. Faranti ya ɗauko intanet daga sama, akwati ya raba wa wayoyin mutane. Ku ɗauka faranti rijiya ce, akwati kuma shi ne mai rabon ruwa cikin fangali. Rijiya na iya cika, amma in mai rabo bai iya ba, albasa ta bushe. Sau da yawa in kun ji ana cewa intanet ba ya gudu, laifin na wurin da anka aje akwati ne.

Iri nawa ne a kasuwa?

Za ku tarar da iri uku.

Akwai babban faranti na yanzu. Ba shi da mota, da hannu ake juya shi. Akwatinsa daban yake, kuma a bayansa akwai ƙofa biyu na waya, inda za a iya jona wani akwati ko kwamfuta. Yana cin wuta wat 75 zuwa 100.

Akwai ƙarami, ana ce masa Mini. Girmansa kamar allon makaranta. Akwatin wifi na cikin jikin farantin. Yana cin wat 25 zuwa 40, kuma yana iya aiki da wutar batir kai tsaye. Sai dai tunda farantin waje yake zama, wifi ɗinsa ma waje yake, ba ya shiga ɗakuna da ƙarfi.

Akwai kuma tsohon yayi, mai mota, wanda ke juya kansa. Akwatinsa ba shi da ƙofar waya. Wanda ke son ƙara wani akwati sai ya sayi wani ɗan abin joni daban.

Ku kiyayi kayan hannu. Kowane faranti yana da lamba, kuma lambar na ɗaure da sunan wanda ya fara rajista. In mai shi bai sake shi ba daga asusunsa, ko akwai bashi a kai, ba zai yi muku aiki ba. Kafin ku ba da kuɗi, a kunna a gabanku, a maida rajista da sunan ƙungiya, ku karɓi takarda.

Lissafin wuta kafin komi

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ku ɗauki panno kamar gona, batir kamar rumbu, wat kuma abin da ake ci cikin awa ɗaya.

Batir mai bolt 12 da amfa 100 na ɗaukar awo 1200. Amma batir irin na dalma, in ana so ya daɗe, rabi kawai ake ɗiba, wato 600. Kamar rumbu ne, ba a share shi ƙaf, ana barin iri. To babban faranti mai cin 100 zai cinye 600 cikin awa 6. Mini mai cin 40 zai kai awa 15 da wannan batir ɗin.

In kuna son babban faranti ya yi awa 10 kullum, kuna bukatar awo 750 zuwa 1000. Panno mai wat 300, a ranar ƙasarmu, yana ba da kamar 1000 zuwa 1200 a yini, in ana share shi. Kun ga ya isa, amma da ƙyar. Ga shi babban faranti na son kuran 220, sai an sa konbertiser tsakaninsa da batir, shi ma yana cin nasa rabo. Ga cajin wayoyi, ga fitila. Saboda haka ku ƙara panno, ko ku rage awoyi.

Dabaru biyu na rage cin wuta. A cikin manhajar Starlink da ke waya akwai wurin sa farantin barci da dare, ku sa masa lokaci. Akwai kuma wurin da ke ɗuma faranti don narkar da ƙanƙara irin ta ƙasashen sanyi. Mu ba mu da wannan matsala, ku kashe shi.

Mutanen gari masu kuran NIGELEC, ku sa regilater. Wutar da ke hawa tana sauka ita ke ƙona kaya.

Akwatin da ya zo da kaya ya isa?

In gida ɗaya ne, ko ofishin ƙungiya mai ɗaki biyu da rumfa, ya isa. Kada mai kanti ya sa ku sayi wani ba dalili. Ku fara da shi, ku gwada sati guda.

Abu uku ne ke sa a ƙara wani akwati: gida babba mai sassa da yawa, ko mutane masu yawa, ko kuna son ku auna wa kowa rabonsa. In haka ne, ga abin da za ku duba kafin saye:

1. Ya kasance yana da zango biyu, 2,4 da 5. Ana rubuta su jikin kwali. Zango 2,4 na zuwa nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai. Zango 5 na da sauri, amma bango ɗaya mai kauri na raunana shi. Wayoyi masu araha da yawa 2,4 kaɗai suke gani.

2. Ƙofofin wayarsa su zama masu lamba 1000. Tsofaffin akwatuna masu 100 na matse hanya.

3. Ya kasance an rubuta Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6. Sun fi jure mutane da yawa a lokaci ɗaya.

4. Ya kasance yana da kulle mai suna WPA2 ko WPA3.

5. Ku duba bayan cajarsa. In bolt 12 yake ci, zai fi sauƙin haɗawa da wutar rana.

Ƙaramin akwatin nan da ake sa wa sim na Airtel ko Moov ko Zamani, aikinsa daban. In ba shi da ƙofar da anka rubuta WAN, ba za a jona shi da faranti ba.

Inda za a kafa faranti

Faranti na son sama buɗe. Reshen gawo ko na bedi, ko kan soro, ko tankin ruwa, duk suna tare shi. Duk sanda tauraro ya bi ta bayan reshe, magana ta yanke. Manhajar na da wurin duba sama: ku tsaya inda kuke so, ku ɗaga waya ku zagaya da ita, za ta nuna muku abin da ya tare. Ku tuna gawo na fidda ganye da rani, sauran itatuwa da damina. Wurin da ke buɗe yau, wata shida nan gaba yana iya rufewa.

Ku kafa shi kan ƙarfe mai ƙarfi, a zuba siminti a gindi. Iskar farkon damina na ɗauke kwano, balle faranti. Bayan an kafa, manhajar za ta ce ku juya dama ko hagu har ya daidaita.

Wayar da ta zo da babban faranti mita 15 ce. Kada a yanke ta, kada a lanƙwasa ta da ƙarfi. Inda za ta bi ƙasa, a sa ta cikin tiyo, saboda ɓera da akuya da hauya. Inda za ta shiga bango, a sake ta ta ɗan yi ƙasa kafin ta shiga, don ruwan sama ya ɗiga waje.

Inda za a aje akwati

Wifi na fita ta ko'ina, kamar hasken fitila. Wanda ya sa fitila bayan randa, shi ya so duhu.

A aje akwati sama, ya wuce kan mutum, a tsakiyar wurin da ake zama. Bangon laka mai kauri na shanye wifi. Kwano da ƙofar ƙarfe na maida shi baya. Ruwa ma na shanye shi, kuma jikin mutum ruwa ne, shi ya sa in taro ya cika ɗaki na waje ba ya samu. Kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe don tsoron ɓarawo. A yi masa ɗan kejin katako mai shan iska.

Zafi ma abokin gaba ne. An yi kayan su jure har digiri 50. A watan Afrilu da Mayu, ƙarƙashin kwano da tsakar rana, ana kusantar haka. Ku nema masa inuwa, kusa da taga. Da hunturu a riƙa share ƙura da busasshen tsumma.

In gida ya yi girma, hanya mafi tabbas ita ce waya. A ja waya daga akwatin farko zuwa na biyu a wani sashe. Wannan waya na aiki har mita 100, kada ta wuce. Akwai akwatuna masu jure rana da ruwa, da ake ɗaurawa kan ƙarfe don tsakar gida ko dandali. Akwai kuma masu haɗa kansu ba waya, amma kowane tsalle na rage sauri, kuma bangon laka na ba su wahala.

Kunnawa, mataki mataki

1. A jona wayar faranti da akwati, sannan a ba da wuta.

2. A jira. Ranar farko yana iya ɗaukar minti 15 ko fiye, yana neman taurari.

3. A buɗe wifi na waya, a shiga sunan STARLINK.

4. A buɗe manhaja, a ba wifi sabon suna da kalmar sirri.

5. In kun sayi naku akwati, a jona ƙofarsa ta WAN da bayan na Starlink, a bar shi ya karɓi lamba da kansa.

In kuna son naku akwati kaɗai ya yi rabo, akwai wuri a manhaja da ke kashe wifi na Starlink, ya zama hanya kawai. Ku yi tunani kafin ku taɓa, don komawa baya sai an goge komi an sake daga farko.

Kalmar sirri da zaman lafiya

Kalmar sirri ita ce kwaɗon rumbu. Doka ta ce harafi 8 ko fiye, ni ina ce muku ku kai 12. Kada ku sa 12345678, kada ku sa sunan gari ko lambar wayar shugaba. Ku haɗa kalmomi uku da ba su da dangi, ku ƙara lamba. Akwatin da kunka saya yana da wata kalma ta biyu, ta mai saiti, wadda sau da yawa admin ce daga kamfani. Ku canza ta ranar farko, in ba haka ba yaro mai wayo zai kore ku daga naku.

A rubuta kalmomin cikin littafin ƙungiya, tare da lambar faranti da adireshin da anka yi rajista da shi. Mutum biyu su sani, ma'aji da magatakarda. In mutum ɗaya ya riƙe ya tafi ci-rani, kun shiga uku.

Kuɗin wata kuma ba ya jiran kaka. Ku zauna ku yanka wa kowa abin da zai ba da, ku aje na wata uku gaba. Ku sa doka: lokacin da ake neman farashi ko ana taro, masu kallon fim su dakata. Ku sani kuma, rajistar gida ba ta ba da izinin saida wifi ga jama'a ba. Mai son yin sana'a da shi, ya fara neman bayani wajen hukumar ARCEP.

In damina ta faɗi

Ruwa mai ƙarfi na yanke intanet na ɗan lokaci. Kada ku taɓa komi, in hadari ya wuce zai dawo. Amma in kun ga walƙiya ta matso, ku cire wuta. Ƙarfen da faranti ke kai, a sa mai gyaran wuta ya haɗa shi da sandar tagulla da anka kafa cikin ƙasa.

In kayan sun tsaya, ku bi a jere: batir na da wuta? Waya ta zauna daram a bakinta biyu? An biya kuɗin wata? Sannan a kashe, a jira minti ɗaya, a kunna.

Da zarar ya kama, ku yi amfani da shi. Hukumar SIMA na bin farashin kasuwanninmu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 na fidda hasashen damina kowace shekara. RECA na amsa tambayoyin manoma da Hausa. Mai albasa a Galmi da ya san farashin Abijan kafin ya yi ciniki, ba a yi masa wayo.

Ku aje wannan takarda, ku tafi da ita ranar da za ku kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.