Cikon da ke Ƙarƙashin Matashin Jita: Aibi ne ko Aiki?

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu kaɗa jitar lantarki, musamman masu sayen ta hannu: wai idan ka kwance matashin ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuyan jita mai na'urar Floyd Rose, ka tarar da siririn fallen ƙarfe a ƙarƙashinsa, to an yi maka ha'inci, ko dai kamfani ya yi kuskure ya rufe, ko kayan jabu ne. Wasu na ƙarawa da cewa wannan ciko yana cinye amo. Wasu kuma can ɗaya gefen suka tafi, duk jitar da ta yi ƙarar gurza sai su ce a ƙara mata ciko. Duka ɓangarorin sun kauce, domin ciko ma'auni ne da aka tanada da gangan, kuma cuta ɗaya tak yake warkarwa.

Sai an san dalilin ƙera matashin kafin a gane haka. Ba'amurken nan Floyd Rose ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1979, kuma damuwar da ya so magancewa sananniya ce: idan makaɗi ya danna hannun da ke sa jakin jita lilo, tsirkiyoyi kan zame a kan matashi, su ƙi komawa inda suke, saiti ya lalace. Sai ya kulle tsirkiya a kai da gindi. Matashinsa taurararren ƙarfe ne mai matsi uku, kowanne na danne tsirkiya biyu. Makaɗin jita Eddie Van Halen da kamfanin Kramer suka yayata na'urar a shekarun 1980, Schaller na Jamus ya riƙa ƙera ta, Ibanez kuma ya fito da tasa mai suna Edge a 1986. A jita ta gama-gari matashi ƙashi ne ko roba, mai gyara yana bin ramin kowace tsirkiya da magagari har ya kai zurfin da yake so. Na ƙarfe ba ya karɓar wannan. Zurfin ramukansa da lanƙwasarsa an gama su tun daga masana'anta, kuma wanda ya sa masa magagari zai kankare rufinsa, ya ɓata shimfiɗar da matsi ke kama tsirkiya a kai. Abin da ya rage shi ne a ɗaga matashin gaba ɗaya ko a sauke shi. Saukewa na nufin sassaƙe itacen wuya, wanda ba ya dawowa. Ɗagawa kuwa falle ɗaya ne. Saboda haka masassaƙi mai hankali yakan yanke mazaunin ɗan ƙasa kaɗan, ya cike gurbin. Ana sayar da fallayen musamman don wannan aiki, masu kaurin milimita 0.1 da 0.2 da 0.3, kuma sababbin jitoci da yawa da su suke fitowa daga kamfani. Ganin ciko ba hujjar jabu ba ce.

Batun amo ya fi buƙatar natsuwa, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Da zarar yatsa ya danne tsirkiya a kan firet, wato ƙarafan da aka gitta a wuya, sashen da ke kaɗawa daga wannan firet ne zuwa jaki, matashi ya fita daga lissafi. Muryoyi shida na tsirkiyoyin da ba a danna ba su kaɗai ke tashi daga bakinsa. Mai gardama zai ce ai motsin amo yana bin wuya duka, to duk abin da ya shiga tsakanin ƙarfe da itace zai rage shi. Amsar ita ce a duba da me aka yi cikon. Fallen ƙarfe shimfiɗaɗɗe da ya cika faɗin mazauni, noti biyu na matse shi, ba shi da inda zai motsa balle ya sha amo. Amma kwali ko salatif ko takarda da aka ninka, waɗannan suna lotsawa, kuma ɓarnarsu ta wuce ta amo. Tsirkiyoyi shida marasa kauri suna jan kimanin kilo 40. Idan aka danna hannun jaki ƙasa, sashen tsirkiya da ke gaban matashi ya saki, na bayansa kuwa yana nan a ɗaure, sai ƙarfin ya fizgi matashi wajen kan jita. Matashin da ke zaune a kan abu mai laushi zai ɗan gusa, kuma saitin da aka sayi wannan na'ura dominsa ya tafi. Haka ma tara fallaye biyar ko shida maimakon ɗaya mai kauri. Fallen gwangwanin lemo, da kaurinsa ke kusa da milimita 0.1, ya fi kwali nesa ba kusa ba, in dai an yanke shi daidai ba tare da bakinsa ya nannaɗe ba.

Masu ɗaukar ciko maganin kowace gurza lissafi ne ke ƙaryata su. Ƙarancin tsayin matashi alamarsa ɗaya ce: tsirkiya na gurzar firet na farko idan an kaɗa ta a sake, ta yi shiru da zarar an danna ta. Gurzar da ke fitowa a firet na biyar ko na sha biyar daga wani wuri take, ko wuya ya miƙe fiye da kima, ko jaki ya yi ƙasa, ko wani firet ya ɗaga kai. Itacen wuya yana motsi tsakanin damina da bushewar hunturu, abin da sandar ƙarfen da ke cikinsa ce ke gyarawa, ba ciko ba. Wanda ya ƙara falle a irin wannan hali ya bar cutar, ya sayo wata. A jita mai tsawon tsirkiya milimita 648, firet na farko yana nesa da matashi da kimanin milimita 36 kacal, don haka ɗan ƙarin tsayi a nan yana tilasta wa yatsa miƙar da tsirkiya sosai kafin ta taɓa ƙarfe. Muryoyin firet na farko zuwa na uku sai su haura, hannu ya gaji, makaɗi ya yi ta zargin kunnensa. Gwajin kuwa ba ya cin kuɗi: a fara daidaita lanƙwasar wuya, sannan a danna tsirkiya tsakanin firet na biyu da na uku, a leƙa saman na farko. Ya kamata a ga ɗan rata kamar kaurin takarda. In ta kwanta a kai, ana buƙatar ciko. In ratar ta yi yawa, a cire wanda ke ciki. Lokacin da buƙatar ta fi tasowa shi ne bayan an sauya tsofaffin firet da sababbi masu tsayi.

Saura ƙorafin da aka fi ɗora wa ciko bisa zalunci, wato muryar da ke haurawa a lokacin da ake ɗaure matsi da alanki. Yawanci mai laifin ita ce 'yar sandar da ke gicciye a bayan matashi. Aikinta ta danne tsirkiyoyi su kwanta sosai a kan shimfiɗar matashin tun kafin a kulle. In ta yi sama, matsi ne zai ƙarasa danne su, ya ƙara musu ɗauri, murya ta tashi. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce ɗaga matashi yana sauya kusurwar da tsirkiya ke sauka a bayansa, don haka duk wanda ya ƙara falle ko ya cire, sai ya sake duba tsayin sandar nan, ya sauke ta kaɗan-kaɗan har ɗaure matsi ya daina motsa murya.