Columbo: Abin da ya kamata ku sani kafin ku fara kallo

Yawancin shirye-shiryen 'yan sanda na talabijin suna ɓoye wa mai kallo wanda ya yi kisa har sai an kai ƙarshe. Shirin Columbo na Amurka kuwa tun a farkon kusan kowace fitowa ake nuna maka makashin, ka ga yadda ya kitsa abin, ya aikata, ya share sawunsa, ya tanadi ƙaryar da zai kare kansa da ita. Sai bayan minti goma sha biyar ko ashirin sannan jami'in bincike zai bayyana. Abin da ya rage maka ka gano shi ne ta inda asirin zai tonu.

Marubuta biyu, Richard Levinson da William Link, su suka ƙirƙiri wannan jami'i, Laftanar Columbo na sashen binciken kisan kai a rundunar 'yan sandan Los Angeles. Peter Falk ya fara taka rawar a wani fim na talabijin a 1968, aka sake gwaji a 1971, daga nan tashar NBC ta riƙa nuna shirin har zango bakwai, zuwa 1978. Bayan shekara goma sha ɗaya tashar ABC ta farfaɗo da shi a 1989, aka ci gaba jefi-jefi har 2003. Jimilla fitowa 69 ne: 45 na tsohon zamani, 24 na sabo.

Shin duka sun cancanci kallo a yau? A'a. Amma na shekarun 1970 har yanzu da wuya a samu na biyunsu, kuma akwai dalili.

Ƙarfin shirin yana ga mutum biyu da ke zaune suna magana. Makashin kusan kullum mai hali ne: likitan tiyata, marubuci, mawaƙi, attajiri mai katafaren gida. Shi kuwa Columbo sai ya shigo da yamutsattsen kwat ɗin ruwa, guntun sigari a hannu, ya ajiye tsohuwar motarsa Peugeot 403 a ƙofar gida, yana laluben fensir a aljihu. Ba ya ɗaukar bindiga, da wuya ya daka wa wani tsawa. Yakan yi ta ba da labarin matarsa, wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba. Mai gidan sai ya raina shi, ya saki jiki, har ya fara ba shi shawarar yadda zai yi bincike. Columbo ya yi godiya, ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce akwai wani ɗan abu guda da ya manta bai tambaya ba. Wannan tambayar ce takan kwance wa mutum zani a kasuwa. Girman kai da raina na ƙasa ba su da zamani, shi ya sa mai kallon yau yake fahimtar abin ba tare da an yi masa bayani ba, ko da yake babu wayar salula, babu gwajin ƙwayoyin halitta.

Misali ɗaya ya isa, daga zango na farko, fitowar da aka sa wa suna Suitable for Framing. Wani masanin zane-zane ya kashe kawunsa don ya gaji tarin zanensa masu tsada, sannan ya ɓoye biyu daga cikinsu a gidan tsohuwar matar mamacin don a ce ita ce. Abin da bai lura da shi ba, tun kwanakin baya Columbo ya taɓa waɗannan zanen a cikin wata jaka a gidan shi makashin. Da aka gano su, aka samu tambarin yatsun Columbo a jiki. Mutumin ya daka tsalle ya ce ai yanzu-yanzu ya taɓa su don ya ƙulla masa sharri. Columbo bai ce uffan ba. Ya zaro hannuwansa daga aljihun kwat, ga su cikin safar hannu. Nan aka rufe shirin.

Haka zangon farko yake, a tsuke, babu ɓata lokaci. Fitowarsa ta farko, Murder by the Book, Steven Spielberg ne ya ba da umarni yana ɗan shekara 24, Steven Bochco kuma ya rubuta. An kuma yi dace da 'yan wasan da suka iya fitowa a mugu: Jack Cassidy sau uku, Robert Culp sau uku, Patrick McGoohan sau huɗu in an haɗa da na baya. Shi kansa Falk ya karɓi kyautar Emmy sau huɗu a kan wannan rawa.

Rauni ya fara ne daga tsawo. Fitowar zangon farko ba ta wuce minti saba'in da 'yan kai, amma da shirin ya karɓu sai aka riƙa miƙa wasu zuwa sama da minti casa'in. Labarin da bai kai wannan tsawon ba sai a cike shi da Columbo yana jiran takarda a ofis ko yana fama da karensa. Wasu wuraren suna da daɗi, wasu kuwa ana jin jan da aka yi musu. Akwai kuma abin da zamani ya wuce: fitowar A Case of Immunity ta 1975, wadda aka gina a kan ofishin jakadancin wata ƙasar Larabawa ta ƙirƙira, ta nuna Larabawa yadda Hollywood ta saba nuna su a lokacin, kuma mai kallo Musulmi zai ji abin bai kwanta masa ba. Sannan duk wanda ya san shari'a zai lura cewa wasu hujjojin da Columbo ke kama mutum da su, lauya mai kaifi zai iya rusa su a kotu. Shirin yakan dogara da makashin ya amsa laifinsa da bakinsa.

Na 1989 zuwa 2003 su ne suka fi rarrabuwa. Falk ya manyanta, kuma ɗabi'un da a da suke dabarar jami'i mai wayo sai aka riƙa ƙara musu gishiri don a ba da dariya. Mafi muni shi ne lokacin da aka bar tsarin gaba ɗaya. A No Time to Die ta 1992 babu ma kisan da za a warware. Amaryar ɗan ɗan'uwan Columbo aka sace, ga shi riƙe da bindiga. An ɗauko labarin ne daga littafin Ed McBain da aka rubuta don wasu 'yan sanda daban, kuma rigar ba ta zauna masa ba. Duk da haka ba a rasa na kirki ba, kamar Agenda for Murder ta 1990 tare da McGoohan, da It's All in the Game ta 1993 wadda Faye Dunaway ta samu Emmy da ita.

Abin da ke sauƙaƙa wa mai kallo shi ne kowace fitowa labari ne mai zaman kansa, don haka tsallake wata ba ya rage komai. Ku fara da zango na ɗaya zuwa na huɗu, kada ku bar Any Old Port in a Storm da A Stitch in Crime, dukansu na 1973. In kun gama na NBC 45 ɗin nan kuna son ƙari, sai ku tsinci na ABC ɗaya bayan ɗaya, ku bar na 1992 ɗin can zuwa ƙarshe.